Bel Ɗin Abba

"Ban amince ba. Ko bokiti za ki cika da hawaye, ban amince ba."

Umma ko ɗago kai ba ta yi daga ninkin kayan da take yi ba. Auta na durƙushe a gabanta, tef ɗin awo rataye a wuyanta, don daga shagon ɗinkinta ta taho kai tsaye.

"Umma, me ya yi? Sana'a ce ba shi da ita? Gidan burodin nan nasa ne, ba yaron kowa ba ne. Ke da bakinki kika ce yana da ladabi."

"Yana da ladabi. Yana kuma da tumbi."

Auta ta yi sororo. Ni kaina da nake ba ku labarin nan, da na fara jin zancen dariya na yi, na ce yau ga sabon salo, an hana mutum aure saboda teɓa. Ashe ba abin dariya ba ne.

Umma ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Ranar da ya zo gaishe ni ina kallonsa ta taga. Matattakalar nan tamu ya hau, da ya iso ƙofa sai da ya dafa bango yana haki kafin sallama ta fito. Ya sunkuya zai cire takalmi, jijiyar wuyansa ta miƙe. Auta, ubanki na gani a ƙofar nan."

Auta tana makaranta Abba ya rasu. Ciwon suga ne ya fara cin ƙafarsa, hawan jini ya ƙarasa shi, ya bar Umma da ƙuruciyarta da 'ya'ya a gaba.

"Na yi jinyar miji har sai da na manta kalar rana," in ji Umma. "Ba zan ɗauki 'yata da hannuna in kai ta inda na fito ba."

"To ki ba shi dama, Umma. Don Allah ki ba shi dama."

Umma ta ɗauki rigar ta ci gaba da ninki.

"Ki ce masa ya zo gobe."

Washegari Mai Burodi ya zo, ya sha wanka, amma ƙamshin bota da fulawa bai bar jikinsa ba. Mutum ne mai fara'a, abokansa Tulu suke ce masa yana amsawa da dariya. Ranar kam babu dariya.

Umma ta shiga uwar ɗaki ta fito da wani tsohon bel na fata, ta shimfiɗa shi a kan tebur. Akwai hujin da kamfani ya yi masa a jere, tsaf-tsaf. Can wajen bakinsa kuma akwai wasu baƙaƙe, a karkace, da gani ƙusa aka gasa aka huda.

"Na mahaifinta ne. Ɗaura mu gani."

Ya miƙe ya zagaya shi a ƙugu. Ya ja, ya haɗiye ciki, ya sake ja. A hujin ƙarshe ya shiga, baƙin nan na can baki, cif kamar don shi aka yi.

Umma ta kau da kai.

"A nan yake ɗaure shi shekarar da ya rasu," ta ce. Sai ta ɗora yatsa a kan hujin farko, na can ciki. "A nan kuma yake ɗaure shi shekarar da na aure shi. Daga yau zuwa ƙarshen shekara, in ka ɗaura shi a nan a gabana, na ba ka ita. In ba ka kai ba, ka nemi wata, kuma kada ka riƙe ni a zuciya."

"Na karɓa, Umma."

"Ba da baki ake karɓa ba."

"Na sani, Umma. Za ki gani."

To, a nan ne fa bawan Allah ya tafka wauta. Duk gidajen motsa jikin da ke gari bai ga na zuwa ba sai na Koci. Shi Koci ɗan Gwaggo ne, ƙanwar Abba, kuma kowa ya san ya daɗe yana neman Auta tana zillewa. Ga tsayi, ga ƙwanji, cikinsa a rarrabe gida shida, kullum riga a ɗame, kullum hoto a waya. Gwaggo kuwa safe da yamma tana gidan tana yi wa Umma famfo, wai ga lafiyayye a cikin dangi, me za a yi da buhun fulawa.

Auta ta gargaɗe shi.

"Wurin Koci? Kana cikin hankalinka kuwa?"

"Haba Auta, sana'arsa ce fa. Ni ma in maƙiyina ya zo sayen burodi ai mai kyau zan ba shi."

"Kai ke nan."

Koci ya tarbe shi da murmushi har kunne.

"Babban yaya! Ai ka zo gida. Teɓa a ina take? A ciki. To ciki za mu murƙushe, shi ke nan."

Ya kwantar da shi a tabarmar roba, ya ɗora masa faifan ƙarfe a ƙirji, ya ce ya riƙa tasowa zaune yana komawa har sai ya ga taurari. Ya sa shi naɗe ciki da leda, wai kitse zai narke ya fita ta gumi. Zancen abinci kuwa cewa ya yi, "Ci abinka, mai motsa jiki ba ya zama da yunwa." Har da wata hoda ya haɗa shi da ita, a dama da madara a sha safe da yamma.

Mai Burodi ya dage, wallahi ya dage. Ciki na ciwo, baya na ciwo, tari ma sai ya riƙe bango. Yana tashi daga wurin Koci yunwa ta kwashe shi, ya zauna ya ci na mutum biyu da zuciya ɗaya, tunda an ce halal ne.

Da tafiya ta yi nisa ya je shagon Auta da bel ɗin a jaka. Ta janye labule, ta ce ya gwada a kan riga.

Ya ja. Ya ja har idonsa ya yi ja. Ko hujin ƙarshen ma bel ɗin ya ƙi kaiwa.

Auta ta zauna a kan kujerar keken ɗinki, ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

"Na faɗa maka! Na faɗa maka ba ka ji ba! Yanzu ga shi ka wuce Abba ma."

"Auta..."

"Kada ka kira sunana. Kullum in na shiga gida Gwaggo na zaune tana min kallon tausayi. Umma ba ta cewa komai, shirunta ya fi zagi ciwo. Ni wa zan kama? In bar uwata, ko in bar ka? Ka faɗa min, wanne zan iya?"

Ya tsuguna nesa kaɗan da ita. Tsugunon ma da ƙyar.

"Ba za ki bar kowa ba."

"To ta yaya? Rabin lokacin ya tafi!"

"Rabi ya rage. Jiya jiri ya ɗebe ni a bakin tanderu, sai da na zauna a ƙasa. Na je asibiti da safen nan." Ya sauke murya. "Likita ta ce sugana yana bakin ƙofa. Bai shigo ba, amma yana ƙwanƙwasawa."

Kukan Auta ya tsaya cak.

"Na ba ta labarin leda da ƙarfe, ta yi dariya har da riƙe tebur. Ta ce kitse ba ya barin wuri don an lanƙwasa wurin. Naman cikin nawa yana ƙarfi a ƙarƙashi, teɓa na zaune a sama abinta, hodar nan kuma ta masu neman ƙiba ce. Ta ce maganar daga faranti take farawa."

"Allah ya isa tsakaninmu da Koci!"

"Bar shi. Ni na kai kaina." Ya ɗago ya dube ta, idonsa ya kaɗa. "Da, don Umma nake yi, in samu ta ba ni ke. Yau da likitar nan ta nuna min sakamakon, ke na hango zaune a bakin gadon asibiti kina min fifita. Wallahi Auta ba za ki yi jinyata da ƙuruciyarki ba. Share hawayenki."

Ta share. Wasu suka zubo, ta sake sharewa.

Ku da ba ku san aikin gidan burodi ba, ba za ku gane girman abin da ya ɗauka ba. Mutumin nan da baki yake aiki. Kowane kwaɓi sai ya ɗanɗana, kowane faranti ya fito daga wuta sai ya gutsura. Wanda ya fashe ko ya ƙone a gefe ba ya iya zubarwa, cikinsa ne kwandon shara. Ga zafin tanderu, lemo mai sanyi yake kora shi da shi kamar ruwa. Shayinsa na asuba kuwa, cokali na iya tsayawa a ciki don suga.

Duk ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗanɗano ya koma taɓawa da harshe ya tofar. Sauran ya bar wa hanci da yatsa, ya gane ashe sun daɗe da sanin aikin, kwaɗayi ne kawai yake raka su. Guntattakin burodi ya sa a riƙa tarawa ana ba maƙwabta. Lemo ya fita, gorar ruwa ta shigo. Farantinsa ya koma rabi ganye, sai ƙwai ko kifi ko wake, shinkafa kuwa ɗan dunƙulen hannu. Ya jingine babur, da ƙafa yake zuwa aiki ya koma. Buhunan fulawa da a da yake tsayawa yana nuna inda za a ajiye, yanzu shi yake saɓa su a kafaɗa.

Da sauƙi? Ina fa! Akwai ranar da aka fito da burodi mai madara da zafinsa, ƙamshi ya cika wurin, sai ga ƙaton mutum ya fita waje ya zauna a kan dakali yana share ƙwalla. Ya kira Auta a waya.

"Yi min magana, ko me ce ce. In kika kashe wayar nan zan cinye faranti guda."

Ta yi ta ba shi labarin wata mata da ta kawo ɗinki ta ce a yi mata irin na hoto, alhali yadin ko hannu ɗaya ba zai fitar ba. Sai da burodin ya huce aka kwashe shi sannan ya koma ciki.

Bel ya dawo hujin ƙarshe. Ya bar baƙaƙen nan ɗaya bayan ɗaya, ya shiga na kamfani. Wandunansa suka fara zamewa, Auta ta riƙa rage musu ƙugu tana tsokanarsa, wai ya zama kwastoman da ya fi kowa damunta. Abokai suka rasa yadda za su yi da sunan Tulu.

Wata rana ya shigo shagon yana washe baki.

"Albishirinki. Yau na tsaya gaban madubi, a gidaje shidan nan na ciki irin na Koci, biyu na sama sun fara leƙowa. Kin san yadda burodi ke tashi a faranti? To biyu sun tashi, saura huɗu."

"Kai dai ba ka da kunya. Umma bel ta ce, ba ta ce a kawo mata faranti ba."

Koci ma ya leƙo shagon sau ɗaya, yana kaɗa makullin mota.

"Ƙanwata, ina mutumin namu? Ya gudu daga makaranta."

"Ya gane malamin ne," ta ce, ba ta daina taka keke ba. "Yaya Koci, matsa min daga haske."

Sai dai jiki ba ya bin kalanda. Da shekara ta zo gangara, abin ya tsaya. Ya ƙara tafiya, ya ƙara ɗaukar buhu, bel ya kafe a huji na biyu ya ƙi motsi. Tsakaninsa da na farko bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ya so ya daina cin abinci gaba ɗaya, likita ta ce in ya kuskura kada ya sake zuwa wurinta.

Ana gobe za a je gaban Umma, Auta ta ce ya bar mata bel ɗin.

"Ɗinkin wajen ƙarfen ya fara saki. Kada ya tsinke a gaban mutane."

Ya miƙa mata, bai kawo komai a ransa ba.

Da ta rage ita kaɗai a shago, ta daɗe tana juya shi a hannu. Sannan ta ɗauki reza ta farke ɗinkin, ta yanko guntuwar fata mai kalarsa, faɗin yatsa biyu, ta haɗa da basilla, ta tura wurin ƙarƙashin zoben da ke riƙe bakin bel. Ta goga masa mai har sabon zaren ya yi duhu. Aiki ya yi kyau, don Auta gwana ce.

Washegari da la'asar falon Umma ya cika. Gwaggo ta zo tun da wuri ta kame a kujera mai kyau, Koci na tsaye a bayanta ya harɗe hannuwa don ƙwanji ya fito. A gindin matattakala Auta ta miƙa wa Mai Burodi bel ɗin, ta ƙi yarda su haɗa ido.

Ya hau. Sallamarsa ta shigo ɗakin a cike, babu haki ko kaɗan. Ya sunkuya ya cire takalmi ya miƙe kamar ba komai. Umma ta gani.

Bayan gaisuwa ta ce, "Bismillah."

Ya zagaya bel ɗin. Ya ja numfashi zai fara kokawar da ya saba, sai ƙarfen ya zarce ya faɗa hujin farko salin alin.

"A'a!" in ji Gwaggo, ta gyara zama.

Koci ya saki hannuwansa. Auta ta sauke ajiyar zuciya har ana ji.

Shi kuwa Mai Burodi bai motsa ba. Jiya da safe ya gwada, ya san inda ya tsaya. Hannun da ke gane kwaɓi in an ƙara masa ruwa cokali guda, shi za a ɓoye wa faɗin yatsa biyu? Ya shafa wajen ƙarfen, ɗan yatsansa ya shiga ƙarƙashin zoben, ya ji tudun sabon ɗinki.

Ya dubi Auta. Idonta ya ciko, tana girgiza masa kai a hankali, tana roƙonsa ba tare da ta buɗe baki ba.

Ya kwance bel ɗin. Ya durƙusa ya ajiye shi a gaban Umma.

"Umma, ki gafarce ni. Ban kai ba. Saura huji ɗaya."

"Ka kai mana!" Auta ta faɗa da ƙarfi, kuka ya ƙwace mata. "Kowa ya gani, ka kai!"

"Bel ɗin ne ya ƙaru, ba ni na ragu ba."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ahaf! Ai na san za a rina. Ha'inci a gidan yayana? To alƙawari dai alƙawari ne, shekara ta ƙare."

"Ya ɗaga riga ma mu gani," in ji Koci yana dariya.

"Ba hoto na ce a kawo min ba," Umma ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. Dariyar ta maƙale.

Ta ɗauki bel ɗin, ta tura zoben gefe. Guntuwar fatar ta bayyana.

"Tun yana shigowa da shi a hannu na gani. Bel ɗin da na yi shekaru ina gogewa? Auta, aikinki ne?"

"Umma, yatsa biyu ne kawai. Kin san wahalar da ya sha? Kin san ya yi kuka a kan burodi? Na kasa jurewa, Umma, tausayinsa ne ya kama ni."

"Tausayi." Umma ta maimaita. Ta juya bel ɗin zuwa wajen baƙaƙen hujin nan. "Zo nan. Wa ya huda waɗannan?"

"Abba."

"Ubanki ko ƙusa bai iya riƙewa ba. Ni ce. Duk lokacin da ya matse shi, in ga yana shan wahala, in gasa ƙusa a kan risho in ƙara masa ɗaya. Likita ya hana shi suga, ya dube ni da idon nan nasa, in ce cokali ɗaya ba zai kashe shi ba. Tausayi ne, irin naki sak. Ƙirga su ki ga inda tausayina ya kai shi."

Auta ta kifa kai a kan gwiwar Umma tana shessheka.

"Ashe ba tumbinsa kaɗai ya kamata in ji tsoro ba," in ji Umma. "Har da ke."

Ta juya ga Mai Burodi, wanda har yanzu yake durƙushe, kansa a ƙasa.

"Ka san da ka yi shiru ka samu mata?"

"Na sani, Umma."

"To me ya hana ka?"

"In na karɓe ta da wannan, gobe ma in abu ya matse ni ita za ta ƙara min fata. Ni kuma so nake in daɗe da ita."

Umma ta sa bakin mayafi ta goge ido.

"Mahaifinta mutumin kirki ne, amma har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ce ban kai ba. Kullum cewa yake bel ne ya tsufa."

"Yanzu dai me ake ciki?" in ji Gwaggo. "Shekara ta ƙare ko ba ta ƙare ba?"

"Ni na yanka lokacin, ni zan ce ya ƙare." Umma ta miƙa wa Auta bel ɗin. "Ɗauko rezarki ki cire abin da kika sa, a nan, a gabana. Kai kuma ka tafi da shi. Ka turo manyanka a yi magana. Ranar da ya shiga da gaskiya, ranar za a sa rana."

Mai Burodi ya gyaɗa kai. Koci ya zari makullinsa ya fice, Gwaggo ta bi bayansa tana gyara mayafi da ƙarfi.

Auta ta farke ɗinkin da hannunta, hawaye na ɗiga a kan fatar, ta ajiye guntuwar a tafin Umma.

"Tashi ki haɗa wa ɗana shayi, tun ɗazu yake durƙushe."

Ta tashi da sauri ta kawo tire, ta zuba ruwan zafi. Don sabo, hannunta ya nufi gwangwanin suga.

Umma ta riga ta. Ta ɗauke gwangwanin ta ɗora a cinyarta, ta dafe murfin da hannu biyu.

"Miƙa masa haka."